Ruwa ciki yake shiga, to me ya kai gubar arsenik huhu?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi gaban malamai. Ina haɗa darasin gurɓatar ruwa da zan yi wa 'yan aji shida, sai na ci karo da labarin Antofagasta, wani birni a arewacin Chile, cikin hamadar Atacama inda akan yi shekaru ba a ga ruwan sama ba. A 1958 aka janyo musu ruwan famfo daga kogunan Toconce da Holajar masu gangarowa daga duwatsun Andes. Ashe ruwan cike yake da arsenik, wajen maikrogiram 860 a kowace lita, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yanzu 10 ce kacal. Garin ba shi da wani ruwa sai wannan, babba da yaro shi suke sha, har 1970 da aka kafa matata. To shekara talatin, arba'in bayan an gyara ruwan, mutanen nan suna ta mutuwa da sankarar huhu fiye da sauran ƙasar.

Ga inda kaina ya ɗaure. Ruwa ciki yake shiga. Da an ce mini hanta, ko ƙoda, ko mafitsara, ba zan yi musu ba. Amma huhu? Kuma gubar da aka daina sha tun kana yaro, me ta bari a jiki da zai tashi bayan ka yi furfura? Yara za su tambaye ni, kuma ba na son in ba su amsar "haka masana suka ce".

Alhajin Maraɗi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai a ganina an ɗora wa ruwa laifin taba. Wannan yankin ai na haƙar tagulla ne, can babban ramin Chuquicamata yake. Mutumin da ya wuni cikin ƙurar ma'adini, ya fito ya kunna sigari, in huhunsa ya lalace sai a ce ruwa ne? Lokotoro ma in ka je da tari, abin da zai fara tambaya ke nan, kana shan taba?

Malama Mai Bincike:
Alhaji, tambayarka ita ce ta farko da masu binciken suka yi wa kansu, kuma da gaske suka bi ta. Sun gwada yankin Antofagasta da yankin Valparaíso, inda shan taba kusan ɗaya ne amma ruwan ba arsenik, sai ga tazara mai faɗi. Sankarar ta ƙaru a mata ma, waɗanda ba su taɓa shiga rami ba. A binciken da Allan Smith da abokan aikinsa suka fitar a 2006, waɗanda aka haifa a garin tsakanin 1958 da 1970, ko suke ƙanana a lokacin, mutuwarsu da sankarar huhu tsakanin shekara 30 zuwa 49 ta ninka ta sauran ƙasar sau 6 zuwa 7. Jariri a ciki ba ya shan sigari.

Amma ka taɓo gaskiya ta wani ɓangaren. Catterina Ferreccio ta raba mutanen gida huɗu a binciken da ya fito a 2000. In aka auna da wanda ba ya shan taba kuma ruwansa mai kyau ne: mai shan taba kawai haɗarinsa ya ninka kamar sau 6, mai shan ruwan arsenik kawai kamar sau 8, wanda ya haɗa biyun kuwa sau 32. Lura, 6 da 8 in ka tara 14 ne. Wannan 32 ɗin shi ne mabuɗin tambayar Malam gaba ɗaya.

Baban Sadiq:
Malama, to a buɗe mana. Daga maƙogwaro za ki faro don Allah.

Malama Mai Bincike:
To bismillah. Arsenik da ke narke a ruwa hanji yana tsotse kusan dukkansa, ya shiga jini. Iri biyu ne. Arsenet ya yi kama da fosfet ƙwarai, wanda kowace ƙwayar halitta ke buƙata, sai ya bi ƙofar fosfet ya shige. Arsenait kuma yana bin wasu ƙananan kafofi da aka tanada don ruwa da gilisarol, irin su AQP9. Wato ƙwayar da kanta take buɗe masa, tana zaton abinci ne.

Hanta tana ƙoƙarin fitar da shi. Akwai wani enzaim, AS3MT, da ke maƙala masa wani ɗan guntun sinadari da ake kira metil, sau ɗaya sannan sau biyu, don ya fi sauƙin fita a fitsari. Da can an ɗauka wannan kashe dafi ne kawai, sai daga baya aka gano cewa wanda aka maƙala wa metil ɗaya aka tsaya a tsakiya, a wani yanayinsa ya fi na asalin dafi. Waɗannan duka suna yawo a jini, kuma duk jinin jikinka sai ya ratsa huhu a kowane zagaye, babu ɗigon da ke kauce masa. Ka ga ke nan ba sai an shaƙa ba. Ta bayan gida gubar take zuwa wa huhu, ta jini.

Ɗalibar Likitanci:
Anti, a nan ne ni nake rikicewa. An koya mana cewa sankara daga kuskure a rubutun DNA take farawa, kuma hayaƙin taba yana da sinadarai irin benzopayirin da ke manne wa DNA kai tsaye su canza baƙi. Amma arsenik in aka sa shi a gwajin Ames, wanda ake yi da bakteriya don gano masu canza DNA, ba ya nuna komai. Manyan ɓeraye ma an sha ba su shi a ruwa ba su yi sankara ba. To ta yaya hukumar binciken sankara da ke Lyon a Faransa ta sa shi a rukuni na 1, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum sankara?

Malama Mai Bincike:
Ƙanwata, kin sa yatsa a kan abin da ya wahalar da masana shekaru da yawa. An ga sankarar a mutane tun kafin a gane hanyarta. Tun wajen 1887 Jonathan Hutchinson a Ingila ya lura da sankarar fata a jikin masu shan maganin Fowler, wanda arsenik ne a ciki.

Ki ɗauki gidan ƙasa. Kowace damina ruwa yana zaizayar katanga, kowane rani magini yana zuwa ya yi yaɓe, gida ya shekara ɗari a tsaye. DNA ɗinmu haka yake: kowace rana a kowace ƙwaya ana samun dubban ƙananan ɓarna, daga numfashin da muke yi, daga rana, daga hayaƙi, kuma akwai furotin masu bi suna gyarawa. Arsenik ba gatari yake sa wa katangar ba. Hannun maginin yake ɗaurewa.

Ga yadda yake yi. Wasu daga cikin masu gyaran, irin PARP-1 da XPA, suna da wani ɗan lanƙwasa da ake kira yatsan zink, da shi suke laluben DNA su gano inda ya tsage. Ƙwayar zink guda ce ke riƙe da siffar yatsan, tana zaune tsakanin wasu amino asid masu ɗauke da farar wuta, sistin. Arsenait kuwa babu abin da yake so kamar farar wuta. Sai ya zo ya kama wurin, ya ture zink ɗin waje, yatsan ya saki. Furotin ɗin yana nan, ana iya auna shi, amma ba ya iya kama komai. XPA kuma yana cikin tawagar da ke yanke irin tabon da benzopayirin ke bari. Alhaji, ga 32 ɗinka nan: taba tana zuba ɓarna, arsenik ya hana a kwashe.

Bai tsaya nan ba, yana ƙara wa daminar ruwa. Yana dagula maitokondiriya, inda ƙwaya ke ƙona abinci da oksijin, sai wasu ɓurɓushin oksijin masu zafi su riƙa tsallakewa suna cin duk abin da suka taɓa kamar yadda tsatsa ke cin kwano. In suka taɓa guwanin, ɗaya daga baƙaƙen DNA huɗu, sai a karanta shi ba daidai ba wajen kwafa. Kuma ina oksijin ya fi yawa a jiki? Huhu. Wasu masu bincike a Japan ma sun kawo bayanin cewa wani ɓangaren arsenik mai metil biyu yana zama iska a jiki, ya haɗu da oksijin a huhu ya haifar da irin waɗannan ɓurɓushin. Masu gubar arsenik mai tsanani akan ji warin tafarnuwa a numfashinsu.

Shi ya sa gwajin Ames bai kama shi ba. Gwajin yana neman mai canza baƙi ɗaya kai tsaye. In kika duba ƙwayoyin mutum ko na dabba kuwa, za ki ga kuromosom, wato ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, sun karye, wasu sun ɓalle sun zauna gefe, rabon su wajen tsagewar ƙwaya ya zo ba daidai ba.

Alhajin Maraɗi:
Na ji wannan, kuma misalin maginin ya shige ni. Amma Malama, in an daina shan ruwan ai maginin ya samu hannunsa. Arsenik ba ya fita a fitsari cikin 'yan kwanaki? Me zai hana a gyara katangar a wuce wurin?

Malama Mai Bincike:
Yana fita, Alhaji, mafi yawansa cikin kwanaki. Amma abu biyu ba sa fita. Na farko, kuskuren da ba a gyara ba kafin ƙwaya ta rabu biyu ya zama rubutu na dindindin. 'Ya'yanta da jikokinta duk da shi za su gada, kuma magini ba ya ganinsa a matsayin ɓarna, ya ɗauka haka ginin yake.

Na biyu ya fi ban tausayi. Wanda ya yi karatun ajami ya san babbaƙu daban, farfaru daban: baƙi ɗaya ne, amma wasalin da ka ɗora masa shi ke sa a karanta shi haka ko haka. DNA ma yana da irin wannan alama a kansa, kuma da metil ake yin ta. Ita ke cewa wannan shafin a karanta, wancan a rufe. To rumbun da ake ɗibar metil don yi wa DNA alama, SAM, shi ne dai rumbun da AS3MT ke ɗiba don fitar da arsenik. Shekara da shekaru ana ɗiba, sai alamomin su rikice: wuraren da ya kamata su zauna a rufe su buɗe, wasu masu tsaron ƙofa kuma irin p16, wanda aikinsa taka wa ƙwaya birki, a rufe su ruf. Baƙin bai canza ba, karatun ya canza, kuma wannan ma ana gadonsa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Huhun ɗan tayi da na yaro yana cikin ginuwa, ƙwayoyinsa suna rabuwa ba dare ba rana, a lokacin ake ɗora wasullan. Michael Waalkes da abokansa a Amurka sun ba ɓeraye masu ciki arsenik na 'yan kwanaki kawai, 'ya'yan suka girma ba su ƙara shan sa ba, amma ƙari ya fito musu, har da na huhu a matan cikinsu. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a yaran Antofagasta.

Na taɓa riƙe irin wannan gwajin da hannuna, kuma har yau ina tuna shi. Ƙwayoyin hanyar iska na mutum ne a ɗan faranti, cikin ruwa mai launin hoda, a akwatin ɗumi mai digiri 37. Duk bayan kwana biyu ko uku ka zuƙe ruwan ka zuba sabo da ɗan arsenait kaɗan, wanda bai isa ya kashe su ba. Makonnin farko ba ka ganin komai, suna kwance lafiya kamar daɓen tayil, kowace in ta taɓa maƙwabciyarta sai ta tsaya. Bayan watanni, wata safiya ka leƙa madubi ka ga wani gungu ya hau kan 'yan'uwansa, sun taru tsibi, ba mai tsayawa don wani. Ranar da na fara gani jikina ya yi sanyi, don na san wannan abin a ƙirjin wani yake faruwa a Chile da Bangladesh, shi kuma yana ta harkokinsa.

Maman Ilham:
Innalillahi. Malama, wannan ba shi ne abin da ya kashe yara a Zamfara ba?

Injiniyan Ruwa:
A'a Hajiya, na Zamfara a 2010 dalma ce, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Dalma ƙwaƙwalwa da jini take kamawa, kuma da sauri. Sai dai tunaninki bai yi nisa da hanya ba, domin a wurare da yawa dutsen da ke ɗauke da zinariya yana tafe da arsenopayirait, ma'adinin ƙarfe da farar wuta da arsenik. A arewacin Burkina Faso, yankin Yatenga wajen Wahiguya, an auna rijiyoyin burtsatse aka samu wasu sun haura maikrogiram 1,000 a lita, daga irin wannan dutsen, alhali rijiyoyin hannu marasa zurfi na kusa da su ba su kai haka ba.

Ɗan Zango:
Salamu alaikum iyayena da yayyena, daga Kumasi nake bin ku. Maganar Injiniya ta taɓa ni. Zinariyar Obuasi a cikin arsenopayirait take, kuma shekaru da yawa gasa dutsen ake yi kafin a cire ta, hayaƙin yana fita da arsenik. Ni kuma kawuna galamsi yake yi a wani ƙauye, wato haƙar zinariya ta hannu. Na je wurinsa bara, na tarar da su a rumfar injin niƙa, ƙura ta yi musu fari fat har gashin ido, ɗaya ya ɗaura tsohuwar singileti a hanci, sauran ko wannan babu. In sun tashi, sigari. Shin wanda ya shaƙa da wanda ya sha, abu ɗaya ne?

Malama Mai Bincike:
Ƙanena, ta shaƙa ma aka fara tabbatar da na huhu. A 1969 Lee da Fraumeni suka nuna yawan sankarar huhu a ma'aikatan narka tagulla na Anaconda a jihar Montana, aka sake ganin haka a Tacoma, da Rönnskär a Suwidin, da masu haƙar kuza na Gejiu a ƙasar Sin. Wanda ya shaƙa, ƙurar tana zama a hanyar iska tana narkewa a hankali a kan ƙwayoyin da kansu. Daga nan aikin ɗaya ne: yatsan zink, tsatsar oksijin, rikicewar metil. Hayaƙin gasa dutse ya fi ɗanyen gari haɗari ta fuskar arsenik, amma ƙurar niƙa tana da nata bala'in, domin garin dutse da kansa yana tabo a huhu. A jiƙa dutsen kafin a niƙa, a nisanta injin da gida da yara, kuma sigarin nan ita ce abin da ya fi sauƙin cirewa daga lissafin.

Maman Ilham:
To mu na gida fa? Ni duk ruwan da za mu sha sai na tafasa. Kuma na ji ana cewa shinkafa da kifi ma suna da shi.

Injiniyan Ruwa:
Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, Hajiya, ki ci gaba da yi. Amma arsenik ba ya tashi da tururi, ruwan ne ke raguwa shi yana nan. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano, ruwa garai-garai zai iya ɗauke da shi. Awo kawai ke nuna shi. Na kifin teku yawancinsa wani iri ne, arsenobitain, da ke fita a fitsari yadda ya shiga. Shinkafa kuwa gaskiya tana jan sa fiye da sauran hatsi saboda a cikin ruwa take tsayawa, amma yawan ya danganta da ƙasar da ruwan da aka noma ta. Wankewa sosai da dafawa a ruwa mai yawa a tsiyaye yana ragewa.

Alhajin Maraɗi:
Ni abin da nake tsoro, kada wannan magana ta fita waje mutane su ce burtsatse guba ce su koma tafki. Mun san abin da kwalara take yi a mako guda.

Injiniyan Ruwa:
Wallahi Alhaji tsoronka a kan hanya yake, kuma Bangladesh ce shaida ta ɓangare biyun. Miliyoyin rijiyoyin famfon hannu da aka haƙa tun shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan tafki sun ceci yara ba adadi daga gudawa. Ba a auna arsenik ba, sai 1993 aka tabbatar da shi, kuma a 2000 an ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari. Ba a ce a koma tafki ba. Awo aka bi rijiya-rijiya, mai kyau a shafa wa bakin famfon koren fenti, marar kyau ja, don sau da yawa rijiya biyu a unguwa ɗaya ba su zama ɗaya ba. Abul Hussam kuma ya haɗa matatar bokiti mai yashi da gawayi da garin ƙarfe, domin tsatsar ƙarfe tana kama arsenik, har ta ci kyautar dala miliyan 1 a 2007. Abin da nake roƙo a wurinmu shi ne duk burtsatsen da za a haƙa kusa da inda ake haƙar zinariya, a sa arsenik cikin abin da za a auna kafin a miƙa wa jama'a.

Ɗalibar Likitanci:
Anti, in rumbun metil ne ke ƙarewa, cika shi zai taimaka?

Malama Mai Bincike:
An gwada a Araihazar ta Bangladesh: waɗanda aka ba folik asid, bitamin da ke taimakawa wajen cika rumbun metil, na makonni 12 sun fi kammala maƙala metil ɗin, arsenik na jininsu ya ragu. Wake, gyaɗa, alayyahu, duk suna da folet, wato irin wannan bitamin na cikin abinci. Amma ragi ne kawai, ba ya maye gurbin canza ruwa. Ki kuma riƙe wannan don asibiti: fata takan riga huhu magana. Ɗige-ɗige baƙi da fari a ƙirji da baya kamar an yayyafa ruwa a kan ƙura, da kanta mai tauri kamar ƙwayar gero a tafin hannu da tafin ƙafa. In kin ga haka, tambayi rijiyar da suke sha da sana'ar da suke yi, ki tambayi sauran mutanen gidan.

Baban Sadiq:
Allah ya saka da alheri Malama, ya ƙara ilimi. Katangar makarantarmu ta baya ta ƙasa ce, rabi an yi mata yaɓe bana rabi ba a yi ba. Can zan kai yaran ranar Litinin mu fara darasin.

Ɗan Zango:
Amin. Malama, kantar nan da kika ce, a hannu biyu take fitowa ko a wanda ake aiki da shi kawai? Kawu yana da kanta, amma na ɗauka ta guduma ce.

Malama Mai Bincike:
Ta guduma tana zama inda ƙota ke gurza. Ta arsenik takan fito hannu biyu, a warwatse, har da tafin ƙafa. Ka duba ƙafarsa, ka duba hannun matarsa da yaran da ba sa riƙe guduma. In ka ga wani abu, ku je asibiti, ka ɗebi ruwan rijiyarsu a gora mai tsabta a kai awo.

Ɗan Zango:
To Malama. Jibi Juma'a in Allah ya kai mu zan shiga mota in je, zan tafi da gorar.